Dawar Da Ta Tsiro A Firij

Yaran da ake turo mana koyon aiki duk bakinsu ɗaya ne. Da sun shigo sun ji sanyin ɗakin gwaji ya bugi fuskarsu, sai ka ga suna ƙiftawa juna ido, wai sun faɗo aikin hutu. A ganinsu mai tsaron na'urori ba shi da wani abin yi da ya wuce ya zauna a kujera, ya kalli lamba a jikin gilashi, in ƙararrawa ta yi kuka ya danna ta yi shiru. Ni da na tsufa a kan wannan aiki a wata cibiyar binciken noma da ke bakin garin Dutsin-Ma, ko yanzu da na ajiye aikin, in sun kawo mini ziyara na ji haka, ba na yin faɗa kamar da. Dariya nake yi, sannan in ce su jawo benci.

Aikin dai shi ne ka zama mai gadin yanayi. A ginin namu akwai firiza mai ajiye jinin dabbobi, akwai firij na magunguna, akwai akwatin ɗumi da ake renon ƙwayoyin cuta a ciki, akwai ɗakin madubin hange mai nuna ƙwayoyin da ido ba ya gani, sannan ga ɗakin iri. Kowanne da irin yanayin da yake so. Wani sanyi yake so mai cizo, wani ɗumi irin na jikin mutum, wani kuma ba ruwansa da zafi ko sanyi, danshi ne abokin gabarsa. A cikin kowace na'ura akwai wata siririyar waya mai kan ƙarfe da ke auna yanayin ciki ta kai labari ga ƙararrawa. Mu hanci muke ce mata, domin da ita na'urar ke shaƙar abin da ke faruwa. Ku riƙe wannan hancin a ranku, shi ne rabin sana'ar.

Aikin farko da maigidana Malam Dikko ya ba ni, takarda ya yago ya miƙo mini. Ya ce in bi firij ɗaya bayan ɗaya, in sa takardar a bakin ƙofa in rufe, sannan in ja. Inda ta fito salin-alin, robar ƙofar ta saki ke nan, sanyi na tsiyaya ta wurin. Na ji haushi sosai ranar, don ni da na zo da takardar shaidar koyon wutar lantarki, na zaci waya za a ba ni in haɗa. Malam Dikko dogo ne, baƙi, ba ya son surutu, kullum da tsinken sakace a bakinsa. In ya shigo da safe ba ya fara duba lamba. Tsayawa yake yi a tsakiyar ɗaki ya karkata kai, kamar mai sauraron kiran salla daga nesa. Kowane inji da muryarsa a kunnensa. Sai ka ji ya ce wancan na kusurwa yana numfashi sama-sama, kafin mako ya zagayo kuwa sai an kira mai gyara. Daga nan ya bi su yana ɗora tafin hannu a bayansu, ya shinshina soket ko akwai ƙauri, sai a ƙarshe ya dubi lambar, yana yi mata kallon yaron da ya saba ƙarya.

Wata damina na taɓa kwance madubin hange guda ina kuka da bakina, saboda fumfuna ta yi saƙa a cikin gilashinsa kamar gizo-gizo. Laifin danshi ne. Muna da wani tsohon ma'auni mai kai biyu, ɗaya a bushe, ɗaya an naɗe shi da ƙyalle yana tsotsar ruwa a ɗan kofi, tazarar da ke tsakaninsu ita ke gaya maka nauyin laimar ɗaki. In kofin ya bushe ba ka lura ba, ma'aunin zai yi ta ba ka labarin banza da fuska a sake. Bazara kuma tata wahalar daban ce. Wutar gari ta tafi, janareta ya yi zafi ya shaƙe, batir ya fara ƙugi, kai kuma kana tsaye kana lissafin wace na'ura za ka ba sauran wutar, wace za ka bari ta jure. Na sha jiƙa buhunan algarara ina lulluɓe firiza da su tun daga azahar har la'asar, rigata sharkaf, ɗaliban da kayansu ke ciki suna tsaye a bakin ƙofa sun zuba mini ido kamar dangin mai haihuwa.

Su ɗaliban nan da malamansu su ne abokan cinikinmu, kuma Allah ya zuba mana su iri-iri. Akwai mai buɗe firiza ya tsaya yana amsa waya. Akwai wanda kukan ƙararrawa ya dame shi yana karatu, ya samo salatif ya liƙe mata baki, don ma kada ta sake yi masa rashin kunya. Akwai wacce ta kawo mini naman suna in ajiye mata kusa da jinin shanu, da na hana ta yi wata guda ba ta gaishe ni. Amma in na faɗi gaskiya ina kewarsu, har masu salatif ɗin. Abin da ya fi ci mini rai a aikin shi ne Sallah. Na'ura ba ta san hutu ba, don haka kowace Sallah ni da Malam Dikko muke raba kwanaki, kuma da yake ni ne ƙarami, ranar Idi tawa ce. Gidanmu a Kurfi yake, tafiyar da ba ta kai a kira ta tafiya ba, amma shekara da shekaru tuwon Sallar mahaifiyata sai dai a aiko mini shi a kwano, ya huce.

Ɗakin iri na Dakta Rabi ne, wata mace mai fara'a da ta ɗauki shekaru tana yawon ƙauyuka tana roƙon tsofaffin manoma irin kakanninsu. Gero, dawa, maiwa, wake, kowanne ta busar da shi, ta zuba a kwalba mai murfin roba, ta ajiye a wani dogon firij mai hawa-hawa. A irin wannan yawon ne na taɓa raka ta wani ƙauye can bayan Kurfi, inda muka haɗu da Malam Iro. Ya hau rumbunsa ya zaro mana zangarniyar wata dawa ja jawur, gajeren kai, ƙwayar a cure. Ya ce tun kakansa ake shuka ta a gonarsu, ba ta tsoron ƙarancin ruwa, kuma tuwonta yana kwana bai saki ba. Ya murje mana cikin tafi biyu yana yi mana dariya, wai mutanen boko sun rasa abin sa wa a firij sai hatsi.

Akwai wata al'ada tamu ta azumi da Malam Dikko ya kafa. Leburorin gonar gwaji da masu gadi a nan suke shan ruwa, kuma azumin bazara a Dutsin-Ma, wanda ya yi shi ya sani. Sai muka riƙa haɗa hannu ana sayo ƙanƙara tun da safe, kafin ta ƙare a kasuwa, a zuba a wani tsohon firij da ke baranda wanda ba a ajiye komai a cikinsa. In magariba ta kusa a fasa ta a bokiti, kowa ya sha, har masu wucewa. Ba wanda ya taɓa ganin aibun abin, lada muke nema. Bayan Malam Dikko ya yi ritaya, Allah kuma ya karɓi abinsa ba da daɗewa ba, muka ci gaba da yi, muna cewa Allah ya kai ladan kabarinsa.

Bayan tafiyarsa ne aka kawo mana sabon tsari. Aka sa sola, aka haɗa kowane hanci da wani ɗan akwati a bango, shi kuma yana turo saƙo a wayata. Ko ina nake zan iya dubawa in ga sanyin kowace na'ura, in wani abu ya kauce kuma wayar ta yi kuka. Ba zan ɓoye muku ba, na yi murna. Abu ne mai kyau, ya ceci kaya da yawa, kuma har gobe ba na goyon bayan tsofaffin da ke zaginsa. Illa dai shi abin da hanci ya gaya masa kawai ya sani.

Shekarar da nake kira baƙar shekara, ana saura 'yan kwanaki a fara azumi mai gadi ya ce wani tsoho yana sallama da ni. Na fito na ga mutum ya rame, rigarsa ta yi masa yawa, sai da ya yi murmushi na gane Malam Iro ne. Muka zauna gindin dalbejiya ya ba ni labari a taƙaice, irin na mutumin da ya gaji da maimaita shi. Rashin tsaro ya tashi ƙauyensu, an ƙone rumbuna, shi da iyalinsa suna zaune a wani ɗakin aro a Kurfi. Ya bi duk wanda ya san ya taɓa ba shi irin jar dawar nan, kowa ya cinye nasa ko ya gudu ya bari.

"Malam Mannir," ya ce da ni, "wanga ɗan hatsi da na ba ku kuna dariya ina dariya, yana nan kuwa?"

Na shiga na ɗauko kwalbar. Ya riƙe ta da hannu biyu. Dakta Rabi ta zo ta ce ai kayansa ne, a raba biyu, ya ɗauki rabi, cibiya ta riƙe rabi. Ta juye a kan tebur ta raba, ta ƙunshe kowane kashi a ambulan ɗin takarda. Sai shi da kansa ya ce a'a, kada a ba shi yanzu. Ɗakin da suke akwai ɓeraye, ga jikoki ga yunwa, in ya kai shi gida wata rana zai dawo ya ishe an daka an yi kunu. A riƙe masa sai bayan Sallah, in hadari ya fara haɗuwa zai zo ya karɓa, wani ya yi masa alkawarin ɗan fili. Aka mayar da ambulan biyun cikin firij, a hawa na biyu, da niyyar in ya karɓi nasa a mayar da na cibiya kwalba. Duk duniya, jar dawar gidan su Malam Iro ta koma cikin takardun nan biyu.

Ana tsakiyar azumi tsohon firij ɗin baranda ya mutu murus. Muka tsaya shawara inda za a riƙa ajiye ƙanƙarar shan ruwa. Na jini ba ya yiwuwa, na magani ma haka, ba mai son ya buɗe baki da ruwan da ya kwana kusa da su. Sai kowa ya dubi na iri. Hatsi ne a ciki, abinci ne, tsarkakakke, kuma a kwalabe yake. Daga Dakta har mai shara ba wanda ya ce a'a, ni ma ban ce ba, kuma duk mun sha ruwan mun yi hamdala. Hawan sama shi ne babu kaya, can aka riƙa jera ledojin ƙanƙara. Can kuma hancin firij ɗin yake rataye.

Ranar ashirin da tara ga azumi mai ƙanƙara ya ce gobe ba za a samu ba, masu shirin Sallah sun kama duka. Mu kuma mun sa rai azumi talatin za a yi, sai muka sayi ta gobe tun yau, da yawa, aka cusa a hawan sama har ƙofa na rufuwa da ƙyar. Aka tashi aiki kowa ya tafi gida. Sai ga sanarwa an ga wata. Gari na wayewa kowa ya kama hanyar garinsu, masu Katsina, masu Safana, masu Kankiya, ba wanda ƙanƙara ta faɗo wa a rai. Ni kuwa a karon farko tun da na fara aiki, an ce in tafi gida in yi Sallah, tunda waya na aljihuna.

Wannan Sallar ta yi mini daɗi, kuma har yanzu in na tuna ta daɗin nake fara ji kafin ɗacin. Na ci tuwon mahaifiyata da zafinsa, tana zaune tana kallona tana ƙara mini miya. A filin Idi na haɗu da Malam Iro, ya kama hannuna ya tambayi ajiyarsa. Na zaro waya na nuna masa lambar, na ce ga ta nan tana barci cikin sanyi. Ya ce ikon Allah, daga Kurfi mutum yana ganin cikin firij a Dutsin-Ma. Safe da yamma ina dubawa, lamba ba ta motsa ba.

Abin da ban sani ba shi ne, injin firij ɗin ya riga ya tsaya. Buɗewa da rufewar wata guda cikin wannan zafi ta gajiyar da shi. Da ina ɗakin, shirunsa kaɗai ya isa ya gaya mini. Amma hancin yana binne a tsakiyar ƙanƙara, sanyi yake ji, sanyi yake faɗa. Ƙanƙarar na narkewa a hankali, ruwan yana ɗiga hawa na biyu, ƙasan firij ɗin kuma yana ɗumama. Sai da ƙanƙara ta ƙare tas, hutu ma ya zo ƙarshe, sannan wayata ta yi kuka. Na hau mashin ban ko sallami tsohuwa ba.

Da na buɗe ƙofar, wani ɗumi mai warin tsiro ya buso mini, irin warin hatsin da aka jiƙa. Kwalabe duk lafiya lau, ruwa bai shige su ba. Ambulan biyun nan kuwa sun jiƙe sun fashe, dawar ta kumbura, kowace ƙwaya ta fito da farin saiwa kamar zare, wasu har sun huda takardar. Na zauna a ƙasa. Irin da ya tsiro ba ya komawa barci, in ka busar da shi ya mutu, in ka bar shi ya ruɓe. Ƙasa yake so a ranar, ga shi sama fes, ko alamar hadari babu, damina da sauran fiye da wata.

Dakta Rabi ta iso ta duba, idonta ya ciko, amma ba ta ɓata lokaci wajen neman mai laifi ba. Ta ce ina ne ake da ruwa yanzu. Nan na tuna surukina Sale, mai noman rani a Makera, bakin ruwan Zobe, wanda ya gama kwashe tumatirinsa. Na kira shi ya ce fili na nan, injin ban ruwa na nan, mu taho. Muka shimfiɗa tsiron a faranti tsakanin jiƙaƙƙun ƙyallaye, Dakta ta wuce da shi a motarta, ni kuma na koma Kurfi ɗauko mai kaya. A duk aikina ban taɓa tafiyar da ta yi mini nauyi kamar wannan ba.

Na same shi yana gyaran wata tsohuwar fartanya a ƙofar ɗaki. Na durƙusa na gaya masa komai yadda ya faru. Ya saurara har na gama, ya tambaye ni ruwan da aka ajiye ɗin na masu azumi ne, na ce e. Ya gyaɗa kai, ya miƙe ya saɓa fartanyarsa.

"To tashi mu tahi," ya ce, "tunda ta farka ba a barinta tsaye."

Da la'asar sakaliya muka shuka ta. Bai yarda kowa ya sa hannu ba sai wajen miƙo masa faranti. Yana tona rami da yatsa, ya ɗauki ƙwaya ɗaya kamar mai ɗaukar jariri, ya kwantar da saiwar ƙasa, ya rufe. Da yawa sun karye tun a faranti, wasu rana ta ƙone su a makon farko. Abin da ya tsaya bai fi kunya uku ba. Malam Iro ya kafa 'yar bukka a bakin gonar ya tare a ciki, domin a lokacin duk faɗin wurin ba wani kore sai dawarsa, kuma kowace akuyar Makera ta samu labari. Ni kuma in na tashi aiki sai in biya da man inji da ɗan abinci, mu zauna muna kallon gabas. Ranar da ruwan farko ya sauka ina wurin aiki, na fito tsakar gida na tsaya a cikinsa har na jiƙe, yaran ofis suna leƙena ta taga.

Da kaka dawar ta yi kai. Ranar girbi ya sa aka kira ni da Dakta. Ya yanke zangarniyar farko ya murza a tafinsa, ya hure ƙaiƙayin, ya kai kusa da idonsa yana juyawa a hasken rana. Na tambaye shi ita ce kuwa.

"Ita ce," ya ce. "Amma a gida ta fi haka ja. Ƙasar nan ba tata ba ce. Bari hanya ta buɗe in kai ka ka gani da idonka."

Ko tuwo ɗaya bai yarda an tuƙa da ita ba a shekarar. Ya cika wa Dakta kwalbarta, ya ba Sale, ya ba ni dami guda, sauran ya rataye a ɗakin aronsa. A wurin aiki muka sauke kowane hanci daga inda hannu ke kaiwa, aka samo firij na daban don azumi, kuma ko da waya a aljihu, ranar Idi sai wani ya shiga ya tsaya ya saurari injuna. Wannan dokar har na bar aiki tana nan, ina fata kuma ku da za ku gaje ta ba za ku ce tsufa ne ya kawo ta ba.

Yanzu na koma Kurfi da zama. Ina kewar gurnanin ɗakin nan da safe, ina kewar Malam Dikko da tsinkensa, wani lokaci in na wuce shagon mai sayar da lemo sai in tsinci kaina na tsaya ina sauraron firij ɗinsa. Malam Iro kuwa kowace kaka sai ya ce mini baɗi a gida za a shuka, in shirya. Hanyar ba ta buɗe masa ba. Ya rasu a ɗakin aron nan, muka kai shi makwancinsa a nan Kurfi.

Ina shuka dawarsa a bayan gidana duk damina. Bana ma ta yi kyau, na murza a tafina na ɗaga ta a rana na daɗe ina dubawa. A idona ja ce sosai. Ko ta kai ta gida, ban sani ba, kuma babu sauran wanda zan tambaya.